Dariyar da Baba Bai Yafe Ba

Rasuwar Baba ta faɗo a ranar kasuwar Kusada, amma mahauta ba su yi yanka ba. Sarkin Fawa ne ya ce a rufe rumfuna. Masu sayar da abinci suka yi miya ba nama, Fulanin da suka kawo bisashe suka koma da abinsu, kowa ya nufo ƙofar gidanmu. Ni ina ciki tare da mata, kusa da Inna, ina jin muryoyin maza ta bayan katanga har aka ɗauke shi.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya riƙe na Baba. Tsofaffin mata suna ce wa Inna, "Allah shi jiƙan shi, shi ba ku haƙuri. Ba a taɓa dawowa daga rumfar shi da kwano wayam ba." Wani tsoho ya zo daga Kunduru a bayan babur, bakinsa a karkace, ya zauna a zaure ya ƙi cin komai. Da na leƙa in gaishe shi, sai ya kama haɓarsa ya ce, "Ɗiyata, kin ga wannan? Aikin ubanki ne. Kuma yau ban san wanda ya fi ni rashi ba."

Sai wata amarya da aka kawo unguwarmu kwanan baya. Ba ta san ni ba. Tana zaune a bayana, na ji ta raɗa wa ta kusa da ita, "Wai ashe tsohon nan ne na cikin waya, wanda ya faɗi?" Aka zungure ta ta yi shiru. Ban juya ba. Amma tun a nan na san zan rubuta wannan, don kada abin da ya rage wa yaran yanzu na mahaifina ya zama tsohon da ya faɗi a cikin waya.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Aikin jinya nake yi a Kankia, can nake aure.

Baba mahauci ne, ɗan mahauci, kuma ɗan dambe ne tun kafin a haife ni. Hannunsa na dama ya fi na hagu kauri, duk tsaga ne daga wuyan hannu zuwa gwiwa, inda aka sha zuba masa magani. Da ya tsufa yatsun ba sa rufuwa duka. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci, Inna za ta ajiye masa ruwan ɗumi a ƙwarya, ya tsoma hannun yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu, "Ku tashi, gari ya waye."

A zamaninsu dambe abin kaka ne. Sai an kai gero gida, rumbuna sun cika, sannan mahauta za su ɗauki kalangu da zaren ɗaure hannu su bi garuruwa. Yau Kunduru, jibi Kankia, a sauka gidan Sarkin Fawa, a ci a sha, da la'asar a fita fage. Ba shinge, ba tikiti. Mutane ne ke zagayewa su zama katangar. Wanda ya yi nasara a jefa masa riga, ko damin gero, ko goro. A dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an ce an kashe ka. Zagaye uku ake yi, kowanne ana ce masa turmi, in ba a yi kisa ba sai a raba. Baba ya ce sau biyu aka kashe shi a rayuwarsa, kuma yana ba da labarin biyun da alfahari fiye da duk waɗanda ya kashe. "Ƙasa ba ta ƙin kowa," in ji shi. "Wanda ya shiga fage ya san da ita." Akwai kuma wata da yake maimaita wa samari har sun haddace: "Wanda ka kayar, kai za ka ɗaga."

Ba zan ce zamaninsu tsarkakakke ne ba, shi ma bai ce ba. Ya ba mu labarin masu ɓoye ƙarfe a cikin zare, da masu kwana a makabarta don neman asiri. Tsohon nan na Kunduru kuwa, suna samari Baba ya yi masa naushi ɗaya muƙamuƙinsa ya goce. Mutumin ya yi watanni ba ya iya tauna. Duk ranar kasuwa Baba zai tsame ƙashi mai ɓargo da tsoka mai laushi, Inna ta yi romo, ya ɗaura tukunyar a keke ya kai masa har gida. Bakin ya warke a karkace, romon bai tsaya ba. Da keke ya gagare shi, sai ya riƙa ba masu babur saƙo. Na taɓa ce masa, "Baba, ai ya daɗe da warkewa." Ya ce, "Uwata, shi ya warke. Ni kullum na gan shi sai in ga hannuna a fuskar shi."

Damben yanzu yana kallonsa da ido biyu. Akwai lokacin da ƙanena ya nuna masa damben Turawa a talabijin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Waɗannan matashin kai suka ɗaura a hannu, kuma har biyu." Muka yi ta dariya. Amma da ɗaya ya faɗi aka tsaya ana yi masa ƙirga, likita ya hau ya duba idonsa, sai Baba ya gyaɗa kai. "Wannan kam sun fi mu. Mu ruwa kawai ake kwara maka." Yaran namu na yanzu ma ya yarda sun fi su cin abinci, sun fi su ƙirji, ana auna su a sikeli a haɗa kowa da sa'ansa, ana ba su babur har da mota. Bai yi musu baƙin ciki ba. Abin da ya ƙi shi ne dambe rani da damina ba hutu, da ƙwayar da wasunsu ke haɗiya don kada su ji zafi, da yadda ake ɗaukar faɗuwar mutum a waya a yi ta maimaitawa. Ya ce, "Mu in an kashe ka, ka sha kunyarka a gari ɗaya, kaka mai zuwa ka rama. Yanzu mutum sau ɗaya zai faɗi, amma kullum yana faɗuwa a aljihun mutane."

Mutumin da ya jawo abin da ya faru ɗan gidanmu ne, ɗan Baffa, ƙanin Baba. A ɗakin Inna ya tashi, akushi ɗaya suke ci da ƙanena, ni na sha wanke masa kaya. Yana son dambe kamar ransa, amma ba shi da zuciyarsa. Yana saurayi ya nace sai ya shiga fage a Kunduru, Baba ya hana, ya faki ido ya sa aka ɗaura masa zare. Naushin farko hancinsa ya fashe. Ya juya baya yana kuka yana kiran Inna, abokin karawarsa kuma ya biyo shi. Baba ya keta fage, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ce a gaban jama'a, "Wannan hannun ciniki ne, ba na zare ba." Aka yi dariya. Na yarda maganar ta yi zafi, da a gida ya faɗa masa da ya fi. Amma da bai shiga ba, da an yi wa yaron illa. Bayan haka Baba da kansa ya kai shi Kano wurin amininsa mai sayar da fatu, can ya koyi kasuwanci.

Shekaru suka tafi. Ya dawo da mota da tumbi, ya kewaye wani fili da kwano a bakin titin Kankia, ya buɗe gidan dambe. Ga lasifika, ga alƙali da usur, ga masu ɗaukar hoto. Wanda bai iya tsayuwa a fage ba ya zama mai fage. Baba bai taɓa zuwa ba, amma bai zage shi ba. "Na faɗa maku hannun ciniki ne," iyakar abin da yake cewa ke nan.

Bara bayan kaka ya zo gida da goro, ya durƙusa gaban Baba. Ina nan ranar, na zo duba Inna. Ya ce, "Baba, ajo nake so in shirya maka. A kira tsofaffin abokanka, a sa maka riga, yaran yanzu su san wanda ya share masu fage." Ajo biki ne da ake yi don girmama ɗan dambe, kuma ba a taɓa yi wa Baba ba. Na ga idon Baba ya yi haske. Inna ta ce daga ɗaki, "Malam, ka tsufa da shiga taro." Ya ce, "Zama kawai zan yi." Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Sallah.

Ƙanena ne ya raka shi, shi ya ba ni labarin. An zaunar da Baba a kujera, aka sa masa riga, komai lafiya. Sai ɗan Baffa ya ɗauki abin magana ya ce a ɗaura wa Baba zare don a ɗauki hoto. Aka ɗaura. Ya ce wa Baba Makaɗi, aminin Baba da ya yi masa kiɗa tun suna samari, ya buga taken Baba. Kalangu na tashi, Baba ya miƙe. Mutum ya haura saba'in da yawa, amma ƙanena ya ce kafaɗunsa sun buɗe kamar ba shi ba. Aka turo wani matashin ɗan dambe wai su tsaya fuska da fuska a ɗauka. Baba ya miƙa hannun hagu, ya ja na dama baya, yana murmushi. Yaron ya sa ƙafa ya share shi.

Ƙashin ƙugunsa ya karye a nan take.

Ni ban san ma akwai hoton ba sai bayan kwana biyu. Ina wurin aiki, na fito daga ɗakin asibitin da muka kwantar da Baba, na tarar da wani sabon ma'aikaci yana nuna wa abokinsa waya suna ƙyalƙyala. Ya ce, "Anti, zo ki ga tsoho mai ƙarfin hali." Na karɓa. Mahaifina ne. An sa faɗuwar sau uku a jere, ta ukun a hankali, hularsa na tashi, rigarsa ta rufe masa fuska. An ɗora muryar dariya irin ta wasan barkwanci. A sama an rubuta wai damben da ya gamu da damben yanzu. Ga tambarin gidan damben ɗan Baffa a gefe. Na mayar masa da wayarsa, na ce, "Yana ɗaki na biyu, in kana so ka gan shi ido da ido."

Yaron da ya share shi ya zo asibiti da kansa. Ya durƙusa bakin gado yana hawaye, ya ce, "Wallahi Baba, cewa aka yi an shirya da kai. Mai gida ya ce in taɓa ka kaɗan, za ka zauna a yi dariya a tashi." Ƙanena ya yunƙura zai kama shi, Baba ya ɗaga yatsa ya tsayar da shi. Ya ce wa yaron, "Miƙo hannunka." Ya juya hannun, ya matsa ƙashin. Ya ce, "Kana da hannu. Amma kana sakin na hagu ƙasa in za ka kai ƙafa. Da shekara talatin baya ne da ka kwana a nan, ni ina tsaye." Yaron ya yi dariya cikin kuka. Baba ya sa masa albarka ya tafi.

Ɗan Baffa bai zo ba. Ya aiko da lemo da katan ɗin madara. Na kira shi na ce ya cire hoton, ya ce, "Yaya, ai talla ce, kuma Baba ya yi suna. Har daga ƙasashen waje ana kallo." Na ce, "Ka rama Kunduru ke nan?" Ya kashe waya.

Wata huɗu Baba ya yi a kwance. Na san aikina, na san tsoho in ƙugu ya karye ba kasafai yake tashi ba. Muka mayar da shi Kusada. Ciwon bai dame shi kamar yaran da ke leƙowa ta zaure su gan shi ba. Ya daina karɓar baƙi sai tsofaffi. Ya daina tsoma hannu a ruwan ɗumi. Inna ta kawo ƙwaryar ya ce, "Bar su su yi barcinsu."

Ana saura kwana uku ya cika, Baffa ya zo da hantsi, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Yaya, yaron nan ɗanka ne. Ka yafe mashi, kada ka tahi da shi a zuciya." Baba ya juyo ya dube shi. Ina tsaye ina gyara masa matashi. Ya ce, "Faɗuwa na yafe. Ni na miƙe da ƙafata, ba wanda ya ɗaga ni. Ƙugu ma na yafe." Ya nisa. "Dariyar da ya sa a kai, ita ce ban yafe ba. Mu je can a raba mu." Baffa ya fita yana sharar ido.

Ranar jana'iza ɗan Baffa ya tsaya a sahun baya, aka gama ya shiga mota. Ranar addu'ar arba'in kuwa ya zo da mai ɗaukar hoto, ya tsaya a ƙofar gidanmu ya sanar wa jama'a cewa zai sa gasar dambe ta tunawa da Baba, da sunan Baba a jikin allo, wanda ya ci a ba shi babur. Wasu har suka ce madalla. Ya ci da faɗuwarsa, yanzu zai ci da mutuwarsa. Na aika ƙanena ya ce masa ba mu yarda ba. Ya ce Baba ubansa ne shi ma, ba mai hana shi.

Sai na ji wai Baba Makaɗi ya karɓi gayyata zai yi kiɗa a gasar. Na yafa mayafi na tafi gidansa. Na same shi a inuwar darbejiya, kalangun na rataye a ƙusa. Tun ranar ajon bai taɓa shi ba. Na gaishe shi na ce, "Baba, ashe za ka je?"

Ya ce, "Ɗiyata, ni na tashe shi tsaye. Da ban buga taken ba, da yana nan kan kujera. Kin san mi nake ji in na tuna?"

Na ce, "To mi zai kai ka?"

Ya dube ni. "Ke mi kike so?"

Na ce, "Kun iya yabo. Na san kun iya ɗayan ma."

Ya gane zambo nake nufi. Ya ce rabonsa da yi wa mutum zambo tun kafin ya je Makka, ya yi alkawari ya bari. Na ce, "Ka ji abin da amininka ya ce kafin ya cika?" Na faɗa masa kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sauko mani da kalangun nan, fatar ta saki."

Ban je gasar ba, ba wurin zuwana ba ne. An ce fili ya cika har kan katanga. Ɗan Baffa ya sha farar shadda, ya yi jawabi a kan Baba har muryarsa na rawa, sannan ya miƙa wa Baba Makaɗi abin magana ya buɗe taro. Tsohon ya buga taken Baba, ya yi masa kirari, ya lissafa garuruwan da ya yi kisa, tsofaffi suna matse ido. Sai ya sauya kiɗa.

"Mai fage da bai san fage ba,
wanda aka fitar a kafaɗa a Kunduru,
hanci na jini yana kiran Inna.
Ya ci tuwon gida ya fasa akushi,
ya kayar da uba don a yi dariya."

Ɗan Baffa ya sa aka kashe lasifika. Kalangu ba ruwansa da lantarki. Mahautan Kusada da suka zo suka karɓi amshi, 'yan kallo suka ɗauka, har wasu daga cikin 'yan damben da ya ɗauko. Wayoyi kuwa duk suna sama. Kafin ƙanena ya iso gidana ya ba ni labari, na riga na ji yaran tasha suna rerawa. Yanzu in motarsa ta ratsa Kankia sai ka ji wani daga cikin masu shayi ya ce, "Yana kiran Inna." Ya daina sauke gilashi.

Maigidana ya ce abin da na yi bai dace da mai makoki ba, addu'a mamaci ke buƙata. Gaskiya ya faɗa, kuma ina yi wa Baba addu'a kowace salla. Baffa ya daina amsa gaisuwata. Inna ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Da na ba ta labari cewa kawai ta yi, "Ni na goya shi," ta ci gaba da tsince shinkafarta. In akwai alhaki a ciki, nawa ne, ba na tsohon makaɗi ba, zan amsa shi.

Allah shi jiƙan Baba, shi haskaka kabarinsa, shi sa romon da ya kai Kunduru ya tarbe shi a can. Allah shi yafe masa hannun da ya yi nauyi a kan mutane, shi tashe shi da ƙafafunsa lafiya.

Makon jiya ina tsaye a bakin titi da rana, ina jiran abin hawa zuwa Kusada wurin Inna. Motarsa ta wuce ni, ta tsaya, ta dawo da baya. Ya sauke gilashi. Ya rame. Ya ce, "Yaya, shigo in kai ki."

Na ce, "Na gode, ina jiran ɗan acaba."

Ya ce, "Yaya, don Allah ya isa haka. Yarana ba sa iya zuwa makaranta. Na cire hoton, na cire sunan Baba daga allo. Mi ya rage?"

Na dube shi sosai. Na nemi tausayinsa a cikina, don na san inda yake zama, ban same shi ba. Ɗan acaba ya tsaya a gabana, na gyara mayafi na hau.

Na ce, "Kai ne mai gidan dambe, ka fi ni sani. Turmi uku ake yi kafin a raba. Ɗaya muka yi."